Idan Aka Yi Ƙawanya, Wa Zai Yi Magana?

(Taken shiri)

Dattawan da ke hira a dandali nan Kausani, iyayenmu mata da suka ajiye rediyo a gefen murhu, 'yan'uwa na Lajawa da Utai da Darki da Indabo, har da direban da ke tsallaka gadar Wudil a daidai wannan lokaci, ku ba mu aron hankalinku.

Yau maganar 'yan sanda za mu yi, amma ba ta shingen hanya ba, ba kuma ta beli ba. Za mu yi maganar ranar da wani zai kulle kansa a ɗaki da makami, ya riƙe wani bawan Allah, ya ce in aka matso zai kashe shi. Jami'ai sun kewaye wurin, jama'a sun yi dafifi, kowa da abin da yake faɗa. A irin wannan rana, wa zai buɗe baki ya yi magana da mutumin nan, kuma me zai ce masa?

Tambayar ta fi shafarmu, domin a ƙaramar hukumarmu ake horar da manyan 'yan sandan gobe. Makarantar hafsoshin 'yan sanda ta ƙasa an kafa ta a 1988, ta fara zama na wucin gadi a Challawa da Kaduna, ta tare a Wudil a 1996, a 2012 kuma aka ɗaga darajarta ta koma mai ba da digiri. Saurayi ko budurwa su shiga, su yi shekara biyar, su fito da digiri da muƙamin mataimakin sufuritanda. Samarin nan da muke gamuwa da su a tasha da askin ƙwal-kwabo, nan da 'yan shekaru su ne za su riƙe ofisoshin 'yan sanda daga Legas har Maiduguri. Duk wanda ya riƙe caji ofis kuwa, wata rana sai an buga masa waya an ce, yallaɓai, ga wani can ya riƙe yaro da wuƙa.

Ilimin wannan rana bai daɗe a duniya ba, kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin a same shi. A watan Satumba na 1972, ana tsakiyar wasannin Olamfik a birnin Munich na ƙasar Jamus, wasu Falasɗinawa takwas suka haura masaukin 'yan wasan Isra'ila, suka kashe biyu, suka riƙe tara. 'Yan sandan Jamus ba su da wata runduna da aka horar don irin wannan. Wasunsu suka sa kayan 'yan wasa suka hau rufin gini da nufin su dira ciki, ashe masu ɗaukar hoton talabijin na nuna su kai tsaye, maharan kuma suna kallo daga cikin ɗaki. Dole aka fasa. Da dare aka kai maharan da mutanen da suka riƙe wani filin jirgin soja don a yi musu kwanton ɓauna, aka girke maharba biyar, saboda an ɗauka maharan ba su wuce biyar ba. Kafin gari ya waye mutum taran nan duk sun mutu, tare da ɗan sanda guda da biyar daga cikin maharan. Ku riƙe mini zancen talabijin ɗin nan, domin yau kowannenmu yana yawo da irinsa a aljihu.

Abin ya tayar da hankalin 'yan sandan birnin New York a Amurka. Shekara guda kafin nan sun ga yadda aka ƙare tarzomar gidan yarin Attica a jiharsu, inda mutum 43 suka mutu, mafi yawansu daga harsashin jami'an da suka shiga ceto. A cikin 'yan sandan New York ɗin akwai wani, Harvey Schlossberg, mai digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam. Shi da wani hafsa, Frank Bolz, aka ba su aikin tsara wata hanya daban. Ba su ma gama shiri ba jarrabawa ta zo. A watan Janairun 1973, a unguwar Brooklyn, mutum huɗu suka shiga wani kantin sayar da kayan wasanni da bindigogi don su yi fashin makamai. 'Yan sanda suka ritsa su, aka yi musayar wuta, ɗan sanda ɗaya ya mutu, mutanen nan suka koma cikin kanti suka riƙe ma'aikata da masu sayayya.

To, ku auna zuciyar jami'an da ke waje. An kashe musu abokin aiki, ga bindigogi a hannu, ga wanda ya yi kisan a bayan bango ɗaya. Amma shawarar da aka bi ita ce a tsaya, a yi magana, kada a ƙara harba ko harsashi ɗaya. Har likita aka bari ya shiga ya duba wanda aka raunata a cikin 'yan fashin. Ana cikin wannan jan lokaci, mutum tara da ke hannu suka samu wata ɓoyayyiyar matattakala suka sulale ta rufin gini. Bayan awa 47, mutum huɗun suka fito da ƙafarsu. Daga nan aka kafa rundunar masu sasanci ta New York, hukumar FBI ta ɗauka, sauran ƙasashe suka bi.

Me ake koya wa ɗalibi? Da farko a killace wurin, kada wanda ke ciki ya fita, kada na waje ya shiga, kuma a tabbatar murya ɗaya ce kawai ke kai masa. Daga nan sai a bar lokaci ya yi aikinsa. Mutane na ɗauka jira ragwanci ne, alhali akwai dalili a jikin ɗan Adam. Fushi ba ya ɗorewa a kan ganiyarsa. Wanda zuciyarsa ke tafasa da ƙarfe goma na safe, zuwa la'asar ƙishirwa ta kama shi, yunwa ta taso, ƙafa ta gaji, ya fara tunanin yadda zai kwana da ransa. A wannan tsakanin kuma jami'ai na tattara abin da 'yan sandan Jamus suka rasa: su nawa ne, wane makami gare su, ƙofa nawa ce a ɗakin, wa ke da ciwo a cikin waɗanda aka riƙe.

Akwai wani amfanin kuma da wani ɗan ƙasarmu ya sa aka gane shi a Landan. A ƙarshen Satumban 1975, wani ɗan Najeriya mai suna Franklin Davies da abokansa biyu suka je fashi a wani gidan abinci da ake kira Spaghetti House. Fashi ya ɓaci, suka tura ma'aikatan, Italiyawa, cikin wani ƙaramin sito a ƙasan ginin suka rufe. Wani likitan ƙwaƙwalwa, Peter Scott, ya ba 'yan sanda shawara su yi haƙuri, domin idan mutum ya kwana ya tashi da wani a ƙuntataccen wuri, suna cin abinci ɗaya, yana jin labarin 'ya'yansa, kashe shi na ƙara yi masa wuya. Aka zura 'yar na'urar ɗaukar hoto ta bango ana kallonsu, aka ƙi ba su jirgin da suka nema, aka ci gaba da magana. A kwana na shida kowa ya fito da ransa. Davies ne kaɗai ya ji rauni, shi ma da hannunsa ya harbi kansa a ciki, bai kuma mutu ba.

Yanzu ga ƙa'idar da ta fi ba manya wuya: mai magana daban, mai yanke hukunci daban. Mu mutanen Wudil bai kamata wannan ya zama mana baƙo ba. Ku shiga kara ranar Juma'a ku tsaya kusa da gogaggen dillali. Mai saye ya taya sa, dillali ba ya cewa ya sallama, ba ya kuma korar mutum. Sai ya ce, Alhaji, tayinka ya yi ƙasa, amma bari in ji ta bakin mai shanu. Ya tafi, ya daɗe, ya dawo. Wannan zuwa da dawowa ita ke sanyaya ciniki, ita ke ba kowa damar sassautawa ba tare da ya ji kunya ba, kuma shi dillalin bai ɓata da kowa ba, tunda ba shi ya ƙi ba. Haka mai sasancin 'yan sanda yake. Idan mutumin ya ce a kawo masa mota cikin minti talatin, jami'in zai ce, na ji, zan kai maganar gaba, amma ka san samun mota a daren nan sai an sha wuya. Da kwamishina ne da kansa a bakin ƙofa, wa zai ce zai je ya tambaya? Shi ya sa ake hana babba karɓar lasifika, ko da ya fi kowa iya magana. Dillalin da aka kama da ƙarya sau ɗaya kuma ya gama cin kasuwa, to haka mai sasanci: ba ya alkawarin abin da ba zai iya cikawa ba. Ba ya kuma ba da komai a banza. Ka nemi abinci, za a kawo, amma a sako tsohon nan mai ciwon suga tukuna.

Idan masu magana da masu bindiga suka raba hanya, abin da ke faruwa an gan shi a garin Waco na jihar Texas a 1993. Wani mai da'awar addini, David Koresh, ya kulle kansa da mabiyansa a wani babban gida har kwana 51. Masu sasanci, ƙarƙashin Gary Noesner, suka lallaɓa suka fito da mutum 35, yara 21 a cikinsu. Amma su suna magana ta waya, wasu jami'an a waje suna yanke wutar lantarki, suna kunna ƙara da lasifika duk dare, suna murƙushe motocin mutanen da tankoki. Aka wayi gari babu mai ƙara fitowa. Ranar 19 ga Afrilu aka kutsa da hayaƙi mai sa hawaye, gobara ta tashi, mutum 76 suka mutu.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, kada ku ce duk labaran Turai da Amurka muke kawowa. Muna da namu, kuma a gidan maƙwabta ya faru.

Ranar Litinin 25 ga Oktoba, 1993, wani jirgin kamfanin Nigeria Airways ya tashi daga Legas zai je Abuja. A cikinsa akwai samari huɗu, wasunsu ba su kai shekara ashirin ba, 'yan wata ƙungiya mai adawa da soke zaɓen 12 ga Yuni da ake ganin Abiola ne ya lashe. Suka karɓe jirgin a sararin sama, suka ce a kai su Jamus. Mai bai isa ba, aka sauka a Yamai. Shugaba Mahamane Ousmane ko shekara bai cika a kan mulki ba, sai ga wannan baƙon tashin hankali a filin jirginsa. Samarin suka ce gwamnatin riƙo ta Shonekan ta sauka, suka ba da wa'adin awa 72, in ba haka ba su cinna wa jirgin wuta da fetur ɗin da suka shigo da shi.

Ku duba abin da hukumomin Nijar suka yi. Ba su ba jirgin mai ba, don haka ya zauna inda yake, ƙawanya ta tabbata. Ba su ce za a biya buƙatar ba, domin ba a hannunsu take ba, amma ba su daina magana ba. Ana haka samarin suka riƙa sakin fasinjoji kashi-kashi, mata da yara a gaba, har mafi yawan mutanen suka sauka. Duk wanda ya sauko kuwa ya zo da labari: ga inda suke tsayawa, ga abin da ke hannunsu, ga wanda ya fara gajiya. Bayan kimanin kwana uku, cikin dare, jandarmomi suka afka cikin jirgin. Aka kama samarin huɗu da ransu, amma ma'aikacin jirgi guda ya rasu. Suka yi sama da shekara tara a kurkukun Nijar. Gwamnatin da suka ce ta sauka kuwa, ko wata ba a yi ba Janar Abacha ya kawar da ita, ranar 17 ga Nuwamba.

Da ni ne malami a makarantar Wudil, wannan labari zan ɗora wa ɗalibai a kan tebur in ce su yi gardama. Wani zai ce farmakin ya zama dole, tunda wa'adi ya kusa cika, ga fetur a cikin jirgi, tartsatsi ɗaya ya isa. Wani zai ce samarin da suka saki yawancin mutanen hannunsu ba masu niyyar kisa ba ne, da an ƙara musu kwana ɗaya da yunwa ta fito da su, ma'aikacin nan kuma ya koma ga iyalinsa. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga na biyun, domin masu wannan aiki sun sha ganin wa'adi ya zo ya wuce ana tsakiyar zance, wanda ya sa shi bai ko duba agogo ba. Amma faɗar haka daga ɗakin watsa shiri ba wuya, ba ni nake shaƙar warin fetur ba. Amfanin gardamar shi ne hafsa ya taɓa yin ta a aji kafin ranar da za ta same shi a fili. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, mu sauko gida. Jirgin sama ba zai sauka a Kausani ba. Abin da zai iya faruwa a nan ya fi kama da wannan misali, kuma misali ne, ba labarin kowa ba. Magidanci ne, aurensa ya mutu, alƙali ya bar yaro a hannun uwa, surukai suka hana shi gani. Ranar nan ya je ya ɗauko yaron, ya shige ɗaki, ya danna sakata, ya tokare ƙofa da turmi, ga wuƙa a hannu. Yana cewa in aka taɓa ƙofar nan, daga shi har yaron babu mai fita da rai.

Kun san abin da muka saba yi. Kafin minti goma layin ya cika. Samari sun zo da gorori, wani ya ɗare katanga, wani na cewa a fasa taga, surukin na surfa zagi daga zaure. Wasu kuma sun ɗaga waya suna watsawa a Facebook. Ga zancen talabijin ɗin Jamus ya dawo, domin shi ma na cikin ɗakin yana da waya. Yana ganin ta inda ake zagayowa, yana karanta masu kiransa mahaukaci, yana ganin duk garin ya san asirinsa. Mutumin da aka tozarta haka, tunanin fitowa ya haɗa ido da jama'a ya fi masa mutuwa ciwo.

Jami'in da aka horar, aikinsa na farko ba da mai wuƙar ba ne, da mu ne. Zai nemi mai unguwa ya ce, ranka ya daɗe, a taimaka a janye jama'a zuwa inda muryarsu ba za ta kai ɗakin nan ba. A kashe jiniya. Sai ya ja 'yan'uwan mutumin gefe ya yi tambaya a hankali: wa yake jin maganarsa? Yana shan wani abu? Ya taɓa ciwon da ya shafi ƙwaƙwalwa? Yaron fa, yana da wata lalura? Sannan ya je ya tsaya a jikin bango, ba a saitin ƙofa ba, ya sassauta murya.

"Salamu alaikum, Malam. Ni ɗan sanda ne, sunana wane. Babu wanda zai taɓa ƙofar nan ina tsaye. Kai da yaron lafiyarku ƙalau?"

Amsar farko zagi ce, ko barazana. Ba zai rama ba, ba zai katse shi ba. Zai bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, ko da zai kai awa. In ya tsagaita sai ya ce, "Na ji ka ce wata huɗu ba a bar ka ka ga ɗanka ba, har ranar Sallah. Wannan abu da ciwo yake."

Ku lura, bai ce masa ya yi daidai ba. Bai kuma ce masa kwantar da hankalinka ba, domin babu wanda hankalinsa ya taɓa kwanciya don an umarce shi. Ya nuna masa dai an ji shi, abin da wataƙila wata huɗu ke nan bai samu ba. Masu koyar da aikin nan sun jera shi hawa-hawa: sai ka saurara kafin ya yarda ka fahimci ciwonsa, sai ya yarda da hakan kafin ya amince da kai, sai ya amince da kai kafin shawararka ta shiga. Mu kuwa daga hawan ƙarshe muke farawa, muna isa muna cewa buɗe ƙofar nan, ka ji tsoron Allah. Nasiha na da lokacinta kuma zai zo, har liman ana iya kawowa in an zauna da shi an faɗa masa abin da zai ce da wanda zai bari. Amma nasihar da ta riga sauraro, a kunnen mai fushi hukunci ce.

Jami'in zai riƙa ambaton yaron da sunansa, ba "yaron nan" ba. Ya ci abinci kuwa? Akwai zafi a ɗakin, in miƙo muku ruwa ta taga? In mutumin ya ce a kawo masa tsohuwar matarsa, a nan ake taka-tsantsan ƙwarai, domin wani so yake ta zo ya aikata abin a gaban idonta. In ya ce a rantse ba za a kama shi ba, jami'in ba zai rantse ba. Zai ce, "Wannan ba zan yi maka ƙarya ba, sai mun je ofis. Abin da na ɗaukar maka shi ne babu mai dukanka, babu mai ɗaukar hotonka, ta ƙofar baya za mu fita, ni da kaina zan raka ka." Sannan a tsara fitar dalla-dalla: yaro ya fara fitowa, a ajiye wuƙa a ƙasa, a fito da hannu a buɗe, kuma kowane ɗan sanda a wurin ya san tsarin, kada wani ya firgita ya danna kunama. In kuwa ana tsakiyar magana aka ji ya fara cutar da yaron, zance ya ƙare, ƙofa za a ɓalle. Masu ƙarfin suna nan a shirye tun farko, ba a dai fara da su ba ne.

Wurin fitowar nan ya fi ko'ina haɗari, kuma a nan mu jama'a muke ɓata aiki. Idan jami'i ya yi alkawari, mutum ya fito, samari suka rufe shi da duka, ba shi kaɗai aka daka ba. Wanda zai kulle ƙofa baɗi a Darki ko Achika ya ji labari, kuma ba zai buɗe ba.

(Gajeren kiɗa)

Na san abin da ke ran da yawanku. Kuna cewa, malam, mu ai abin da ya dame mu masu garkuwa da mutane ne a daji. Gaskiya ne, kuma a nan karatun Turawa yake gazawa, domin an gina shi a kan wanda aka ritsa, wanda ba shi da mafita. Na daji ba a ritsa shi ba. Ba fushi ke cinsa ba, sana'a yake yi. Lokaci kuma nasa ne, shi yana cin abinci, naku na ramewa.

Ƙarfi ma ba kullum yake fitarwa ba. A watan Mayun 2011 aka sace injiniyoyi biyu, ɗan Ingila da ɗan Italiya, a Birnin Kebbi. Ranar 8 ga Maris, 2012, sojojin Najeriya da na Ingila suka kai samame gidan da ake tsare da su a unguwar Mabera a Sakkwato, da rana tsaka. Kafin a kai gare su an kashe su. Ba a cika wata uku ba, ranar 31 ga Mayu, rundunar haɗin gwiwa ta kai farmaki wani gida a Danbare, nan Kano, inda aka tarar masu garkuwa sun kashe wani injiniya Bajamushe da aka sace tun watan Janairu. Wanda aka tsare yana taku biyu ne daga mai tsaronsa, mai ceto kuwa sai ya fasa ƙofa ya ratsa tsakar gida.

Magana kuma ta fitar da mutane, amma da nata tsadar. Ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da aka kwashe daren 11 ga Disamba, 2020, an dawo da 344 cikin kwana shida ta hanyar sasanci, hukuma ta ce ba a biya ko kwabo ba. Sai dai cikin wata shida da suka biyo baya aka shiga Kagara, aka shiga Jangebe, aka shiga Afaka, Tegina da Birnin Yawuri. Fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka tare ranar 28 ga Maris, 2022, sai 5 ga Oktoba aka sako 23 na ƙarshe. Tukur Mamu, ɗan jaridar Kaduna da ya yi shiga tsakani a wani ɓangare na lamarin, hukumar DSS ta kama shi a watan Satumba aka gurfanar da shi a kotu, ya kuma musanta tuhumar. Ba shari'ar nake yankewa ba. Abin da nake nunawa shi ne, idan hukuma ba ta da nata ƙwararrun da iyalai za su amince da su, aikin faɗawa yake hannun duk wanda ke da lambar waya, babu tsari, babu mai duba shi, babu kuma mai kare shi. Shi ya sa nake ganin Yamai da Mabera da Ƙanƙara sun cancanci zama darasi a Wudil kamar yadda Waco ta zama a Amurka, a kuma yi gwajin da Hausa, da Fulatanci, da Barbarci, da Turancin buroka, domin kiran ba da Turancin littafi zai zo ba.

Kafin lokaci ya ƙure mana, ga abin da ya shafi gida idan, Allah ya kiyaye, kiran ya zo muku. A sanar da 'yan sanda ko a kira 112, ko da masu garkuwar sun ce kada a faɗa. A zaɓi mutum ɗaya mai sanyin zuciya ya riƙe wayar, ba uwa ko uban wanda aka ɗauka ba, domin kukansu ake so a ji a ƙara farashi. Shi ma ya riƙa cewa sai ya ji ta bakin dangi. Ya ajiye littafi yana rubuta lokacin kowane kira, da lambar, da abin da aka ce, har da abin da ya jiyo a baya, kukan shanu ne ko ƙarar babur. Kafin kowace magana ya nemi jin muryar mutumin, ko ya yi tambayar da shi kaɗai ya san amsarta, kamar sunan da kakarsa ke kiransa da shi, domin akwai 'yan damfara da ke jin labarin sata su bugo waya alhali babu kowa a hannunsu. Kada ya ambaci gona ko shanu ko ɗan'uwa da ke Abuja. Kada ya yi zagi, kada ya yi alkawarin abin da babu. In mutumin yana shan magani, a faɗi sunan maganin tun a kiran farko, a kuma maimaita a kowane kira. Maƙwabta kuma a taimaka da addu'a da abinci, a bar sa hoton a WhatsApp ana rubuta ɗan wane ne da abin da ubansa ya mallaka.

Mai kula da na'ura yana ɗaga mini hannu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.

(Taken shiri)